Fitila Ɗaya Sabuwa, Ɗaya Tsohuwa

Da hannun hagu nake buga muku wannan, don haka duk wadda ta ci karo da kuskure ta yi min afuwa. Na daman yana naɗe da tsumma. Abu ɗaya nake roƙo: kada ku yi saurin yanke min hukunci, kada kuma ku yi saurin wanke ni. Ni kaina na kasa yin ko ɗaya.

Ga wadda yau ta fara shigowa, ni ce auta a gidanmu. Abbanmu mai fentin mota ne, ya rasu ya bar mu mu uku, ni da Umma da Yaya. Yaya ya gaji gidan da muryar Abba, ni kuma na gaji akwatin kayan aikinsa, a ciki na samu sana'ata. Idan fitilar mota ta tsufa, rana ta gasa robar fuskarta ta yi rawaya ta dushe kamar idon tsoho mai yana, ni ake kawo wa tsakar gidanmu in gurje in goge, ta dawo tas. Maƙwabta suna kawowa, direbobin haya ma suna kawowa.

Yaya kaɗai ne bai taɓa ba ni tasa ba. Fitilun motarsa sun fi na kowa rawaya a layinmu, in ya kunna su sai ki rantse kyandir aka liƙa a gaban motar. Na sha ce masa, "Yaya, bari in wanke wa tsohuwar nan idanu." Amsarsa kullum ɗaya ce: "Mace ba ta taɓa min mota."

Sai kuma wanda nake so. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago da bai fi banɗaki girma ba, kowa Injiniya yake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Shi kuma Hajiyar Fitila yake kirana. Yaya ya rantse muddin yana numfashi ba zan auri mai tonon waya da allura ba.

Shekaranjiya da yamma ya same ni ina dariya da waya a kunne. Ya fizge ya duba sunan, ya wurgo min ita a cinya, ya zari makullin mota ya ce yau zai je har ƙofar gidansu ya raba raini. Magariba ta kawo jiki lokacin da ya fita. Bai jima ba ya dawo. Ya shigo da motar har ƙuryar tsakar gida, ya lulluɓe ta da tamfol, ya shige ɗakinsa ya murza makulli.

Ina ƙoƙarin tambayar Injiniya ko sun haɗu, sai ga saƙonsa.

"Mota ta buge Baba a bakin layinmu. Ta gudu. Muna asibiti, ki taya mu addu'a."

Yatsana ya rubuta, "Yayana ya zo wurinka?" Yatsan nan dai ya goge. Na tura, "Innalillahi. Allah ya tashi kafaɗarsa." Ku riƙe wannan, a nan na fara.

Jiya Yaya ya fita da sassafe a ƙafa, ya dawo da kwali a kafaɗa. Ya sa wa get sakata, ya yini a gaban motar yana ƙwanƙwasa, ya hana kowa matsowa. Yau da hantsi ya buga ƙofata da ƙafa.

"Ke Auta! Fito da kayan aikinki."

Na fito da tsohuwar doguwar rigata shuɗiya, wadda ruwan wanki ya ci wa gefe, na ɗaure kaina da ɗankwalin Umma. Ya yaye tamfol ɗin. An miƙe bamba, an wanke gaban motar har taya. Fitilar dama sabuwa fil, tana ɗaukar ido. Ta hagu tana nan da rawayarta. Ko yaro ya kalli motar zai ce an canza mata ido ɗaya, ya kuma tambayi dalili.

"Ki mayar min da ta hagun nan kamar ta dama," in ji shi. "Yau."

Bakina ne ya riga hankalina. "Yau mace za ta taɓa maka mota?"

Ban ga tahowar hannun ba. Na dai ji kunnena ya ɗauki ƙara, ƙafafuna suka bar ƙasa, na faɗa kan bokiti ruwa ya kife min a jiki. Kafin in miƙe ya damƙi wuyan rigata ya ɗago ni har ina jin warin bakinsa, warin wanda bai ci ba bai yi barci ba.

"Ki ƙara magana ɗaya, ki ga yadda zan zubar miki da haƙora."

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na zaci za ta yi masa tsawa. Ba ta ko kalle shi ba. Hannuna ta ja, ta shigar da ni ɗakinta ta saki labule.

Ɗakin Umma bai canza ba tun rasuwar Abba. Gadon ƙarfe, akwatuna a jere a kan durowa, fankar da ke kuka in tana juyawa, hotonsa da rigar aiki duk fenti. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta jiƙa gefen zaninta ta dafa min kunci.

"Umma, shi ne ko?"

"Bai gan shi ba," ta ce a hankali. "Wallahi bai gan shi ba. Sai da ya ji ƙarar."

"Da ya ji ƙarar fa? Ya tsaya?"

Ta kau da kai ta sake jiƙa gefen zanin, fanka tana ta kukanta.

"Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wa ya riƙe mu da ubanku ya tafi? Wa ya bar makaranta? In aka kama shi, ni da ke wa za mu kama?"

"Baban wani ma yana kwance, Umma."

"Na sani. Kuma faɗar ba za ta ɗaga shi ba." Ta matso, ta rage murya. "Ki saurare ni da kyau. Mun yi magana da yayanki. Ya janye. Yaron nan ya turo manyansa duk ranar da ya shirya, babu mai hana ki shi."

Na kalle ta. Abin da na yi wata da watanni ina kuka a kansa, abin da na daina cin abinci dominsa, ga shi an ajiye min a tafin hannu.

"In kuma kika buɗe baki," ta ci gaba, "ki sani ba yayanki kaɗai za ki rasa ba. Wace uwa ce za ta karɓi ƙanwar wanda ya take mata miji ya gudu? Ki yi shiru ki samu biyu, ko ki yi magana ki rasa biyu. Ke ba yarinya ba ce."

Masu karatu, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganarta. Da ƙarya ce da na samu inda zan dafa.

Wayata ta yi motsi a aljihu. Injiniya ne. Hoto ya turo: ɓaraguzan roba a kan farin hankici, rawaya, wasu da busasshen jini a gefe.

"Hajiyar Fitila, a wurin na tsinto waɗannan. 'Yan sanda sun ce a bi masu gyara a ji wa ya canza fitila guda. Ke kin fi su ido. Wace irin mota ce wannan?"

Na faɗaɗa hoton. Ga lanƙwasar kusurwar nan, ga ɗan kunnen da ake ɗaure fitilar motar Yaya da shi. Kullum ina wucewa ta gabanta in zan shanya kaya.

"Sun yi ƙanana, ban gane ba," na rubuta. "Ya jikin Baba?"

"Bai farka ba. Ƙafafun duka sun karye, amma kan ne ke ba su tsoro. Na gode da kika duba."

Na kifa wayar a kan gado na fita tsakar gida.

Zan gaya muku yadda na yi aikin, don ku san ba cikin gigita na yi shi ba. Wanda ya gigice ba ya liƙa salatif a miƙe. Na wanke fitilar hagu da sabulu na tsane ta. Na bi gefenta da salatif ninki biyu don kada in ci fenti. Na jiƙa samfefa, takardar gurza, a bokiti, mai kaushi da matsakaiciya da mai laushi, kamar yadda Abba ya koya min. Na fara da mai kaushin, daga hagu zuwa dama, ina zuba ruwa da ɗayan hannun. Ruwan ya riƙa gangarowa ruwan kasa-kasa kamar shayi, a hankali ya koma fari kamar madara. In ya yi fari, tsohuwar fatar ta tafi ke nan.

A wannan gaɓar fitila ta fi muni. Fari fat take zama, ko ƙwan ciki ba a gani. Yaya da ke safa da marwa a bayana ya tsaya cak.

"Me kika yi? Kin kashe ta! Da gangan kika yi, 'yar banza!"

Ya sa ƙafa ya shure ni a haƙarƙari. Numfashina ya tsaya. Na dafa taya ina neman iska kamar kifin da aka jefo tudu.

"Haka take yi," na ce da ƙyar. "Sai ta makance kafin ta gani."

"To ki sa ta gani!"

Na ɗauki matsakaiciyar na bi daga sama zuwa ƙasa, don in ga sawun ta farko ya ɓace. Na koma mai laushin. Haƙarƙarina yana suka duk lokacin da na miƙa hannu. Na tsane, na ɗebo man gogewa a tsumma na shiga murzawa ina zagayawa, har hazon ya fara yayewa, ƙwan ya leƙo, sai kwanon azurfar da ke bayansa. Rana ta take lokacin da na ɗaga hannu. Ta yi kyau. A duk fitilun da na taɓa yi, ban jin akwai wadda ta kai ta.

Yaya ya ja da baya har bakin get ya ƙura ido. Ya karkata kai. Ya dawo.

"Ba su zama ɗaya ba."

Gaskiyarsa. Tsohuwa ko ta yi haske, haskenta mai taushi ne, akwai ɗan ruwan zuma can cikin robar da gurza ba ta kaiwa. Sabuwa kuwa haskenta kaifi gare shi kamar wuƙa. Mai gyara da kallo ɗaya zai gane.

"Iyakar abin da za a iya ke nan," na ce.

Ƙarya ce, kuma ya san ni. Tun ina rarrafe ya san yadda idona ke yi. Ya tsuguna, ya ciro samfefa mai kaushin daga bokiti, ya kama hannuna na dama ya danne a kan bonet. Ƙarfen ya ɗau zafin rana.

"Abba ya koya miki abin da bai koya min ba. Faɗi."

"Babu komai, Yaya."

Ya ɗora ta a bayan yatsuna ya ja. Sau ɗaya. Fatar ta tafi kamar ɓawon tumatir, wurin ya yi fari kafin jini ya cika shi. Ihun da na yi ban san daga ina ya fito ba. Umma ta rugo ta riƙe masa hannu, ya hankaɗe ta ta bugu da bango, ɗankwalinta ya faɗi. Ya tsaya yana kallonta a ƙasa. Sai na ga hawaye a idonsa. Yana kuka, amma bai saki hannuna ba.

"Auta, kashe ni za su yi in aka kama ni. Don Allah. Ni ne fa."

Ban san wanne ya buɗe min baki ba, zafin ko kukan. Na yi ta juya wannan a raina. In zafin ne, tilas aka yi min. In kukan ne, zaɓa na yi.

"Sabuwar za a gurje," na ce. "Ba tsohuwa ake kaiwa wurin sabuwa ba. Dukansu ake kawowa tsakiya."

Babu wanda ya san wannan a gidan sai ni. Da na haɗiye shi, da motar ta fita titi ta faɗi gaskiya da kanta, ba tare da na ce uffan ba.

Umma ta yage tsohon zani ta naɗe min hannu. Na tsuguna gaban fitilar dama, na ɓare 'yar takardar kamfani da ke manne a kusurwarta, na liƙa salatif. Ban taɓa sa samfefa a kan abu mai lafiya ba. Jan farko ji na yi kamar fuskar jariri na karta. Na kashe mata kaifin, na goge, na fesa wa duka biyun ruwan kariya iri ɗaya a inuwa, na bar su suka sha iska. Yaya ya shiga wanka. Umma ta ɗora shinkafa. Na ji muryarta a kicin tana waya, tana dariyar da ba tata ba, ban kawo komai a raina ba.

La'asar ta wuce ina bin su da busasshen tsumma, shafar ƙarshe, aka ƙwanƙwasa get. Umma ce ta buɗe da kanta.

"Shigo, ɗana, shigo. Gidanku ne."

Injiniya ne. Rigar shekaranjiya ce a jikinsa, farar nan mai aljihu biyu, hannunta ɗaya ya yi baƙi-baƙi da jinin da ya bushe. Idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa ya gaida Umma.

"Da kika kira ni na zaci mafarki nake, Umma. Na ce ko minti kaɗan ne sai na zo na yi godiya. Kwana biyun nan ban ji abu mai daɗi ba sai wannan."

Yaya ya fito da sabuwar riga yana ƙamshin turare. Ya miƙa masa hannu. Na ga hannuwan biyu sun haɗu.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi za a ce, Yaya. Na gode. Wallahi na gode. Na san ba ka so na, kuma ban ga laifinka ba, kowa yana so wa ƙanwarsa abin da ya fi. Amma a ce a irin wannan lokacin ka tuna da ni..." Ya sunkuyar da kai.

"Ba komai," in ji Yaya, yana kallon bango. "In kuna buƙatar mota zuwa asibiti, ga ta nan."

Injiniya ya juyo ya gan ni a tsugune. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Hajiyar Fitila, yau an samu babban kwastoma ke nan?" Sai idonsa ya sauka a kan tsumman hannuna, da kuncina. "Subhanallahi. Me ya same ki?"

"Faɗuwa ta yi a kan bokiti," Umma ta yi caraf. "Ka san ta da rawar kai."

"Da wannan hannun kike aiki? Kawo." Ya zare tsumman gogewar daga hannuna, ya tsuguna kusa da ni har kafaɗarsa na taɓa tawa. "Nuna min. Haka ake zagayawa?"

Ya ɗora tsumman a kan fitilar dama. Ya shiga shafawa a hankali, da kulawar nan tasa ta mai taɓa ƙananan abubuwa. Yana hura mata iska yana gogewa. Hannun rigarsa mai jinin babansa yana kai da komo a daidai wurin.

"Kai, kin iya," ya ce. "Dubi yadda suka fito kamar tagwaye. Baba ma ya sha cewa in kawo ki ki ga..." Ya haɗiye sauran. Ya ci gaba da shafawa.

Na hango rayuwata daga nan inda nake tsugune. Zan aure shi. Yaya zai riƙa zuwa gidanmu da motar nan, yaranmu su hau bonet suna wasa, ni in kawo ruwa. Kuma babu abin da zai taɓa tona mu, don na yi aikin da kyau. Shaida ɗaya ta rage a duniya, tana cikin bakina.

Umma tana kallona. Ta girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"Injiniya," na ce. "Ɗaga hannunka daga kanta."

"Na ɓata ne?"

"Wadda kake gogewa sabuwa ce. Jiya aka sa ta. Ni na tsufar da ita da hannuna."

Tsumman ya tsaya. Bai ɗago ba tukuna. Ya kalli fitilar dama, ya kalli ta hagu, ya kalli bamban da aka miƙe. Na ga yatsunsa sun buɗe, tsumman ya faɗi cikin ruwan da ke kwance a ƙasa.

Umma ta ɗora hannu biyu a ka. "Kin kashe ni, Auta. Kin kashe ni."

A bayanmu na ji ƙarar sakata ta shige raminta. Na waiga. Yaya ya jingina bayansa da get, sifanar kwance taya a hannunsa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

"Babu mai fita," ya ce. "Sai mun yi magana."

Injiniya ya miƙe a hankali. Ko kallon ƙarfen bai yi ba, bai kalli Yaya ba. Ni ya kalla, da idon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Da na turo miki hoton nan da safe," ya ce, "kin gane?"

Yaya ya baro get ya fara takowa. Ni kuwa na buɗe baki in ce masa ya gudu, sai na ji kaina na ce, "Na gane."